Hannun Hagu Da Audugar Inna

Duk wadda ta taɓa haɗuwa da ni a hanyar Tudun Wada cikin zumbulelen hijabina har ƙasa, a tsakiyar zafin Gusau, ta ce a ranta kai Nusaiba akwai ustazanci, don Allah ta janye yabon nan ta ba wadda ta cancanta. Ba tsoron Allah kaɗai ne ya cusa ni ciki ba. Sanƙo nake ɓoyewa.

Eh, sanƙo. Da kyau kuka ji. Budurwa mai shekara ashirin da uku, an sa ranar aurena bayan babbar sallah, amma gefen kaina na hagu, daga saman kunne zuwa kusa da tsakiya, fili ne fetal faɗin tafin hannu. Ba maƙero ba ne, ba zazzaɓi ba ne, ba kuma wanda ya yi mani asiri. Ni ce. Da yatsun nan nawa nake bin gashin ɗaya bayan ɗaya, in laluba har in sami mai ɗan kaushi, in naɗe shi, in finciko. Akwai wani ɗan "tsut" da yake yi idan ya fito da saiwarsa. Kada Allah ya sa ku san abin nan, don daɗi gare shi, kuma shi ne abin da ya fi ba ni haushi. In na gaji da kai sai in sauko haɓa. Ƙurji ɗaya in ya yi gangancin fitowa a fuskata, sai na mayar da shi miki, sannan in bi shi da hoda ina tsaki kamar wani ne ya yi mani.

Ummata ta gwada duk abin da ta sani. Man shanu, man kaɗanya, man zaitun da aka yi wa tofi. Ta sa mani safa a hannu, aka tsinci safar a ƙarƙashin gado. Ta shafa mani barkono a yatsu, ni kuma da wayona na manta na murza ido, ranar har maƙwabta sai da suka leƙo. Daga ƙarshe ta yanke hukuncin aljani ne. Ban ga laifinta ba. Ya fi mata sauƙi ta yarda aljani ne da ta yarda 'yar da ta haifa ce ke zama tana fige kanta kamar kazar suna.

Dorcas ce ta fara ce mani ba hauka nake ba. 'Yar maƙwabtanmu ce, tare muka yi firamare, yanzu nas ce. Ta duba kan, ba ta ko yatsina fuska ba.

"Wannan ciwo ne sananne, Nusaiba, ba ke kaɗai ba ce. Akwai likitan da ke duba irinsa, in kin shirya zan raka ki. Amma kafin nan ki yi mani abu ɗaya. Ki lura da lokacin da hannun yake hawa."

Na lura. Wayyo ni, da ban lura ba.

Mannir ne.

Mannir shi ne wanda zan aura. Ɗan Tsafe ne, yana da shagon shadda da yadi a babbar kasuwar Gusau, dogo, mai sanyin magana, irin mutumin da zai kira ki don kawai ya ji me kika ci, da wace miya, kuma wa ya dafa. Ina sonsa, ba zan yi muku kara ba, ina sonsa sosai. To da ya kira sai in shige ɗaki in turo ƙofa, waya a hannun dama. Hannun hagu kuma ba shi da aikin yi. Ina can sama ina kashe murya, "kai Mannir, ka cika zolaya," ƙasa kuma gashi yana zuba a kan zanin gado. In ya faɗi magana mai daɗi in tsiga. In ya ambaci biki gabana ya faɗi in tsiga. Wasu soyayya na sa su ƙiba, ni tawa aski take mani.

Har dabara na yi, na mayar da wayar hannun hagu. Kafin a jima sai ga wani ɗan fili ya fara buɗewa a dama. Ba shiri na mayar da ita inda take, na ce gara ɓarnar ta tsaya gefe ɗaya.

Ana haka wata rana da hantsi, ina tankaɗen garin tuwo, saƙonsa ya shigo.

"Albishirinki amaryata."

"Goro."

"Goggo Rahama ta ce a faɗa miki ta fara wasa kibiyarta."

"Kibiyar me?"

"Ta kitso mana. Au, ban taɓa faɗa miki ba?"

Bai taɓa ba. Sai ga bayani ya biyo da murya, yana yi yana dariya. Wai a gidansu, duk amaryar da za ta shigo, ranar sa lalle babbar goggo ce ke yi mata kitso da hannunta, a tsakar gida, a gaban matan dangi kaf. Ba a ɗauko makitsiya, ba a ƙara gashin kanti. Kitson iri ɗaya ne tun na kakanninsu, ƙanana tsaf, kuma daga kunnen hagu ake farawa.

Daga kunnen hagu, jama'a. Daidai bakin gonata.

Rariyar ta suɓuce daga hannuna. Umma ta fito daga kicin tana tambayar lafiya, na danna mata saƙon ta ji da kunnenta. Ta yi salati ta nemi kujera ta zauna.

"Taifot za mu ce," in ji ta. "Ai taifot na zubar da gashi."

"Umma, taifot a gefe ɗaya?"

"Sai ki ce ta nan kike kwanciya."

"Umma!"

"To me kike so in ce? In ce musu 'yata ce ke yi da hannunta? Kin san bakin mata kuwa? Kafin lallen ya kama labarin ya zagaye Tsafe ya dawo. Cewa za su yi taɓin hankali gare ki, su hure wa yaron kunne."

Abin da nake tsoro ke nan, ta faɗe shi ƙarara. Ba sanƙon ba. Kallon da Mannir zai yi mani bayan ya ji.

Washegari ta haɗa mani kaya ta sa ni a motar Bungudu, wajen Inna, mahaifiyarta, wai gyaran jiki. A jakar akwai dilka da turaren wuta da kwalabe na man gashi kala-kala. Har mota ta tashi tana ce mani ta taga, "Ki ɗaure hannun nan, Nusaiba, don girman Allah."

Inna tsohuwa ce 'yar firit, ba ta da haƙoran gaba amma bakinta ya fi na mai haƙora kaifi. Ita kaɗai ta rage a unguwarsu mai kaɗi. Kullum tana kan tabarma ƙarƙashin dalbejiya, taskirarta a gefe cike da auduga, mazari yana juyi a cikin ɗan kasko. Da na isa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wanga buhu da kinka shiga hwa? Gida kinka zo ko makabarta?" Na yi dariyar yaƙe na ce sanyi nake ji. Zufa na bin bayana.

Da la'asar Mannir ya kira. Na lallaɓa bayan rumbu, na zauna a kan turmi, na ture ɗankwali kaɗan. Hira ta yi daɗi, hannu ya kama aiki. Ban ji tahowarta ba.

"Mi kike biɗa cikin kan ga? Ajiya kinka yi?"

Saura kaɗan wayar ta faɗa cikin kashin awaki. Na katse kiran, na ja ɗankwali, na tsaya jiran faɗa. Na san yadda ake yi, na haddace: salati, sannan "ba ki da hankali," sannan kuka. Inna ba ta yi ko ɗaya ba. Ta juya ta tafi, ta dawo da dunƙulen auduga ta jefa mani a cinya.

"Tunda hannun na son aiki, cire mani angurya. Ɗai-ɗai, kada ki yage kaɗar."

Na ɗauka ina ƙunƙuni a ciki. Ni da na yi difloma, an kawo ni ƙauye cire 'ya'yan auduga. Na laluba cikin laushin har na ji ɗan tauri, na kama, na naɗe, na ja.

Tsut.

Wallahi sai da tsikar jikina ta tashi. Shi ne. Shi ne sak, lalubawar da kamawar da ɗan turjewar nan kafin ya saki. Na ɗago na kalli Inna, ita kuwa ta koma kan tabarmarta tana shafa alli a yatsu kamar ba ita ba.

Daga ranar ta kafa mani doka. Ba amsa waya a ɗaki, ba bayan rumbu. Tsakar gida, kan tabarma, kusa da ita. Wayar a cikin faifai, a buɗe murya, hannu biyu a cikin auduga. Na ce ina da abin sawa a kunne. Ta ce ta gani, kuma ta ga duk sanda na kai hannu gyara shi sai hannun ya zarce, don kunne da gashi maƙwabta ne. Tsohuwar nan ba abin da ke wuce ta. Sai daga baya ma na gano tana da dutse da ƙarfen gurza a bayan ƙofa, da za su fitar da anguryar taskira guda kafin in gama dunƙule ɗaya. Da gangan ta ɓoye su.

Da na ƙware a cire angurya sai ta miƙo mani mazari. Kada ku so ku ga zarena. Nan kauri, nan siriri, can ƙulli. Inna ta ɗaga shi ta duba ta ce ko akuya aka ɗaure da shi sai ta ji kunya. Amma kaɗi hannu biyu yake ci, ɗaya na jan auduga ɗaya na murza mazari, ba wanda ke da sararin zuwa yawo. Ta yanke mani farce har ƙasa. Madubin ɗakinta ta juya shi ya kalli bango, ta ce haɓata ta huta da ziyara. Ba wai na daina ɗungurungum ba, a'a. Wani lokaci sai in farga hannun ya kai rabin hanya. Sai Inna ta yi gyaran murya kawai, in sauke shi kamar ɓarawon da aka haska.

Makonni suka shuɗe. Wata safiya ina wanka na shafa gefen, na ji wani abu kamar gashin jariri. Na daɗe tsaye a banɗaki ina kuka, bokiti a gabana.

To amma kun san ni, ba a gyara mani gaba baya bai ɓaci ba.

Ku dubi yadda hirar ta koma. Waya a faifai, murya a buɗe, kakata a gefe.

"Nusaiba ta, yau na yi mafarkinki."

"Uhum."

"Ba za ki tambaye ni me na gani ba?"

"To."

Inna kuma tana gefe tana taɓe baki, tana faɗa ƙasa-ƙasa, "Wanga ba shi da kasuwa ne?" Ni da na saba narke masa, na koma kamar mai amsa tambayar alƙali. Saƙonni ma na rage, don rubutu da hannu ɗaya ake yi, kun san inda ɗayan zai nufa. Sai ga nasa sun fara canza kama.

"Na yi miki laifi ne?"

"A'a wallahi."

"Tunda kika je Bungudu kin canza."

"Aiki ne ya yi yawa."

"Aikin me?"

Me zan ce? Angurya?

Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci, muna zaune sai muka ji tsayuwar mashin a ƙofar gida da sallamarsa. Na zura hijabi ruwan toka, na shafa hoda a haɓa ba madubi, na fita zaure. Yana tsaye cikin farar shadda da hula zanna, ko zama bai yi ba, ko ruwan da na kawo bai kalla ba.

"Nusaiba, ni ba yaro ba ne. In akwai wani a garin nan, ko kin sake shawara, ki faɗa mani tun ba a kai ga raba goro ba. Ba zan riƙe ki dole ba."

Idanunsa sun yi ja. Mutumin nan ya rufe shago, ya biyo hanyar da ba kowa ke son bi ba, don ya ji ko an ƙwace masa ni. Ni! Da ya san abin da ke ƙarƙashin hijabin da bai wahalar da man mashin ɗinsa ba.

Taifot ɗin Umma ya zo mani har bakin harshe. Da na faɗa da ya wuce, har sannu zai yi mani. Amma sai na hango kaina a ɗakinsa shekara da shekaru ina kwana da ɗankwali, ina jiran ya fita in share gashi a ƙasa. Na gaji tun kafin a fara.

"Ba kowa," na ce. "Ni ce. Ina da wani ciwo. Gashin kaina nake cirewa da hannuna, ban san ina yi ba sai na gama. Nan gefen babu gashi, Mannir. Fili ne. Tabon nan na haɓata ma ba ƙuraje ba ne kawai, ni ce."

Ya kalli gefen hijabin kamar zai hango ta ciki.

"Da zafi?"

"Da akwai zafi ai da na daina."

"Yaushe kike yi?"

Nan ne na tafka wautar. Maimakon in ce in hankalina ya tashi, ko in ina zaune ba aiki, sai bakina ya ce, "Yawanci in muna waya."

"In muna waya," ya maimaita a hankali. "Wato in kina jin muryata."

Na shiga kame-kame, ina bayanin auduga da faifai da Inna, ban san ma me nake faɗa ba. Ya gyaɗa kai, ya dubi rana, ya ce gara ya kama hanya tun da haske. Ya ce in gaida Inna. Ya tada mashin ya tafi.

Bai kira ba ranar. Bai kira ba washegari. Saƙo ɗaya tak ya shigo: "Ki kula da kanki." Kaina! Na karanta shi ya fi a ƙirga, ina neman inda ya ɓoye sallamar. Na kira Umma na faɗa mata abin da na yi, ta ce, "Kin kashe kanki, Nusaiba. Taifot ɗin me ya yi miki?"

Zan so in ce muku na daure. Ban daure ba. Da shirun ya yi yawa, wata azahar Inna ta tafi barka, na shige ɗaki na juyo madubin nan. Kafin ta dawo na buɗe tsohon mikin haɓata, na kuma bi gefen sabon gashin na cinye kusan rabinsa. Gashin da na yi wa kuka a banɗaki. Na zauna ina kallonsa a tafin hannuna, ƙanana, ko tsawon ƙwayar shinkafa wasu ba su kai ba. Ban taɓa tsanar kaina irin ranar ba.

Inna ta shigo ta gani. Ta mayar da madubin ya kalli bango, ta jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ta ba ni na dafe haɓa.

"Rabi kinka ci?"

"Eh."

"To rabi ya rage. Taso, kaɗar na jiranki."

Na fito ina jan hanci na ɗauki mazari. A ranar na tura wa Dorcas saƙo na ce in na dawo Gusau ta raka ni wajen likitan nan, da aure ko ba aure.

Ana nan, wata safiya ina shanya zarena a igiya, sai sallama ta ratso gidan, murya kamar ta mai shela. Wata doguwar mata baƙa ta shigo, atamfa shuɗiya, mayafi a kafaɗa, jakar hannu a hammata, fuskar nan ba alamar wasa. Ta gaisa da Inna, ta juyo kaina.

"Ke ce Nusaiba? Ni ce Rahama, goggon Mannir. Mota biyu na hau kafin in iso, kada ki tsaya kallona. Shiga ɗaki."

Na bi ta ciki. Ya faɗa mata. Mannir mai sanyin magana, ashe bakinsa rariya ne. Na ce a raina shi ke nan, an aiko a duba kaya kafin a mayar.

Ta turo ƙofa, ta zauna bakin gadon Inna, ta nuna mani ƙasa tsakanin gwiwoyinta. Ta zaro kibiya daga jaka.

"Goggo, wallahi ni..."

"Ban zo jin dalili ba. Kai na zo gani. Cire."

Ban da Umma da Dorcas da Inna, ba wanda ya ga kaina tun ina aji uku na sakandare. Na kwance ɗankwalin, na runtse ido, na jira salatin.

Bai zo ba. Sai yatsunta masu tauri suna bin wurin a hankali, suna auna shi, suna shafa ɗan abin da ya rage.

"Hm. Wanga gefen an yi mai aiki," ta ce. "Kitsonmu daga nan yake tashi. Uwata ta yi shi, kakata ta yi shi, ban taɓa ganin an kauce ba. Kuma wanga gashi ba ya kamuwa da kitso, ya yi gajere."

Hawaye suka fara ɗiga a kan zanina.

"Mi kike ma kuka? Na ce an fasa? Da an fasa da zan ɓata kuɗin motata? Zuwa na yi in san hanya tun ɗaki na rufe, don kada in zo ina lalube gaban mata."

Na buɗe ido.

"Shi wancan sakaran," ta ci gaba, "ya zo mani Tsahe ya zauna kamar wanda anka yi ma mutuwa. Wai muryatai ce ke cinye miki kai, don haka ya bar kira ki samu sauƙi. Yana can yana ramewa, ya kulle waya cikin durowar shago don kada hannunai ya kai."

"Kulle ta ya yi?"

"Da makulli. Na ce kai da ita duk hannu ke wahalshe ku."

Ban san sanda dariya ta kuɓuce mani cikin kukan ba, har da majina. Wato ni ina nan ina fige kaina don ya yi shiru, shi yana can ya yi shiru don kada in fige kaina. Allah ya haɗa mu, ba shakka.

Goggo ta ɗaga murya. "Inna, zaren wane ne na gani a igiya, mai kama da hanjin kaza?"

"Na amaryarku ne," in ji Inna daga waje. "Kada ki ce ni na koya mata."

"Miƙo shi."

Aka miƙo. Ta ja shi tsakanin hannayenta da ƙarfi, bai tsinke ba. Ta gutsure da haƙori, ta lanƙwasa kaina kan gwiwarta, ta tattaro 'yan gashin nan da suka tsira da bakin kibiya, ta fara naɗe su da zaren. Na ji tana ja, na ji zafi, irin zafin kitso da na manta da shi shekaru. Ta ƙulle, ta ɗan girgiza shi da yatsa.

"Ya kamu," ta ce. "Abin da kitso bai kama ba zare na kama shi. In ya ƙara tsawo kafin ranar, da zare zan tashi layin farko in ɗora sauran bisa. A rina shi baƙi. Wadda ta matso leƙe kuma ni da ita."

Ta sake yin wani ƙullin a gefensa, da wani. Sannan ta kamo hannuna na hagu, ta juya shi, ta kalli yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Ba na ce ba za ki sake ba. Na ga inda kinka ci. Amma wanga da na ɗaure nawa ne, ajiya na ba ki. Ranar lalle zan zo in karɓa."

Ko fura ba ta tsaya sha ba, ta ce tana son ta wuce Gusau da wuri, akwai durowar da za ta sa a buɗe.

Da la'asar ina kan tabarma, ba hijabi, ba ɗankwali, iska na taɓa fatar kaina, ga ƙulle-ƙullen farin zare sun miƙe a gefe ɗaya kamar ƙahon ɗan akuya. Inna in ta kalle ni sai ta kau da kai kafaɗunta na rawa. Sai wayar ta ɗauki ƙara a cikin faifai. Sunansa.

Gabana ya faɗi. Kafin in farga hannun hagu ya tashi, ya bi tsohuwar hanyarsa, ya wuce kunne. Sai ya ci karo da ƙullin Goggo.

Na tsaya. Na ji zarena a ƙarƙashin yatsuna, da kaurinsa da ƙullinsa, da ɗan gashin da yake riƙe da shi. Inna ba ta yi gyaran murya ba. Kallona kawai take.

Na sauke hannun da kaina. Na cusa shi cikin auduga har wuyan hannu, na danna wayar da ɗayan.

"Nusaiba?" ya ce. "In yi magana? Ba zai cutar da ke ba?"

"Yi maganarka, mai bakin rariya," na ce. "Hannuna biyu suna ƙasa."

Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Sannan ya ce, "To me kika ci yau?"